An Buɗe Gari Amma Zuciya Tana Kulle: Ƙafewar Tunani da Waswasi Bayan Annobar Korona

A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta sauka daga matsayin lamarin gaggawa da ya shafi duniya baki ɗaya, matsayin da aka ɗora ta a kai tun ranar 30 ga Janairu, 2020. Kafin wannan sanarwa ma an daɗe da buɗe kasuwanni da wuraren ibada da tashoshin mota. A Nijeriya, inda aka fara samun mai ɗauke da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, an rufe makarantu a watan Maris, 'yan ajin ƙarshe suka koma a watan Agusta domin jarrabawa, saura kuwa galibi sai a watan Oktoba. Mafi yawan jama'a sun ajiye takunkumin fuska, suka koma musafaha da cinkoson biki kamar ba a taɓa yin wani abu ba.

To amma likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam sun lura da wani rukuni na mutane waɗanda buɗe garin ya fi ba su wahala a kan rufe shi. A cikinsu akwai wanda ya ci gaba da wanke hannu har fatarsa ta tsattsage, da wanda ba ya iya shiga motar haya, da kuma wanda ba tsoron cuta ne ya dame shi ba, sai dai ya saba da tsarin zaman gida, kuma komawa tsohon tsari ya zame masa tamkar hawan dutse. Abin tambaya shi ne, me ya sa umarni guda ya sauka a kan kowa, amma da aka janye shi sai wasu suka kasa sakinsa?

Binciken da aka yi a Birtaniya

Wata farfesa a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa, Naomi Fineberg ta Jami'ar Hertfordshire da ke Ingila, tare da abokan aikinta, sun bi diddigin wannan tambaya. Tsakanin watan Yuli da Nuwamba na shekarar 2020, wato lokacin da ake sassauta kullen farko a ƙasar, sun yi wa mutum 514 tambayoyi ta intanet, suka kuma buga sakamakon a shekarar 2021. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka amsa sun ce suna shan wahala ƙwarai wajen komawa harkokinsu. Da aka kwatanta su da waɗanda suka koma cikin sauƙi, sai aka ga sun fi yawan tarihin wata larurar ƙwaƙwalwa, sun fi alamomin waswasi, sun fi ɗabi'ar tsananta ƙa'ida, sa'an nan waɗanda aka yi wa gwajin kwamfuta daga cikinsu sun nuna abin da masana ke kira ƙafewar tunani.

Ya kamata mai karatu ya yi hattara da wannan adadi na kashi ɗaya cikin huɗu. Waɗanda suka amsa tambayoyin su ne suka ga damar amsawa, kuma mutumin da abu ya dama ya fi saurin tsayawa ya cike takarda a kansa. Saboda haka ba a ɗauki adadin a matsayin hoton al'ummar Birtaniya gaba ɗaya ba, balle ta wata ƙasa. Abin da ya fi daraja a binciken shi ne alaƙar da ya nuna, domin ta yi daidai da abin da aka sani game da ƙwaƙwalwa tun shekaru da dama kafin a ji sunan korona.

Mene ne ƙafewar tunani?

Idan an ce tunani yana da sassauci, ana nufin mutum yana iya barin wata ƙa'ida da ta yi masa amfani a dā, ya kama wata, da zarar hali ya canza. Ƙafewar tunani ita ce kishiyar wannan. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma ta bambanta da taurin kai, domin mai taurin kai da gangan yake ƙin juyawa. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce a dubi yadda ake auna ta.

A shekarar 1948, David Grant da Esta Berg na Jami'ar Wiskonsin a Amurka suka fito da wani gwaji na katuna. Ana jera wa mutum katuna huɗu a gabansa: na farko yana da alwatika ɗaya ja, na biyu taurari biyu koraye, na uku gicciye uku masu launin rawaya, na huɗu da'ira huɗu shuɗɗa. Sai a ba shi tarin katuna a ce ya ajiye kowanne a ƙarƙashin wanda ya dace da shi. Ba a gaya masa ko da launi zai yi aiki, ko da siffa, ko da adadi. Abin da mai gwajin zai ce kawai shi ne "daidai" ko "kuskure". Bayan 'yan gwaje-gwaje mutum zai gane cewa, alal misali, launi ake so. Idan ya jera katuna goma daidai, sai mai gwajin ya canza ƙa'idar a ransa zuwa siffa, ba tare da ya ce uffan ba. Nan take abin da yake daidai ɗazu ya zama kuskure.

A wannan gaɓa ce ake rarrabe mutane. Wani zai yi kuskure biyu ko uku, ya tsaya ya ce lalle an sauya zance, ya nemi sabuwar ƙa'ida. Wani kuwa zai ci gaba da jerawa bisa launi, ana ce masa kuskure yana ƙarawa. A shekarar 1963, Brenda Milner, wadda ke aiki a cibiyar nazarin jijiyoyi ta Montiriyal a Kanada, ta nuna cewa marasa lafiyan da aka yi wa tiyata aka cire wani sashe na ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwarsu su ne suka fi faɗawa cikin wannan nacin. Abin mamaki, wasunsu kan faɗi da bakinsu abin da ya kamata a gwada, amma hannunsu ya koma ga tsohuwar ƙa'ida. Daga nan aka ƙara tabbatar da cewa ɓangaren goshi, wato sashen da ke bayan goshin mutum, yana da babban hannu wajen birki da juya akalar tunani.

Wannan ɓangare shi ne ke jinkirin nuna a jikin ɗan Adam, domin ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara 20. Malaman da suka taɓa koyar da ƙananan yara za su gane wani gwaji mai kama da na sama. Ana ba yaro katuna a ce ya raba su bisa launi, daga baya a gaya masa ƙarara cewa yanzu bisa siffa za a raba. Yawancin 'yan shekara 3 kan ci gaba da rabawa bisa launi duk da sun ji umarnin, alhali yawancin 'yan shekara 5 kan juya ba wahala. Malamin kimiyya zai iya yanka kwali ya yi waɗannan katuna ya gwada da ɗalibansa domin darasi, muddin ya tuna cewa wasan aji ba ya nuna wa ke da cuta.

A Jami'ar Kambirij an mayar da irin wannan gwaji na kwamfuta, aka kuma raba juyawar gida biyu. Akwai ƙaramar juyawa, kamar a bar alwatika a koma tauraro, inda har yanzu siffa ake kallo. Akwai kuma babbar juyawa, inda za a bar kallon siffa gaba ɗaya a koma kallon wani abu daban da a dā ba shi da muhimmanci. A wannan babbar juyawa ce masu cutar waswasi suka fi yin tuntuɓe. Samuel Chamberlain da abokan aikinsa sun ba da rahoto a shekarar 2007 cewa 'yan uwan masu cutar na jini, waɗanda su kansu lafiyarsu ƙalau, su ma suna nuna irin wannan rauni. Ke nan ƙafewar tana iya kasancewa tare da mutum tun kafin cuta, tana zaune shiru har sai an sami abin da zai tone ta.

Annobar korona kuwa ta yi wa duniya irin wannan gwaji. A farkon shekarar 2020 an fi ba da ƙarfi ga hannu da abin da hannu ke taɓawa: a wanke hannu na daƙiƙa 20, a goge marikin ƙofa, har da feshin tituna. Da bincike ya yi nisa sai ta bayyana cewa ta iska cutar ta fi yaɗuwa, musamman a ɗakin da ke cike da mutane kuma iska ba ta ratsa shi. A watan Afrilu na 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa ta hanyar taɓa gurɓataccen abu bai kai ɗaya cikin 10,000 ba a kowace taɓawa. Wato an bar kallon hannu an koma kallon taga. Bayan haka rigakafi ya zo, ƙa'idar ta sake canzawa. Ga mai sassaucin tunani wannan ci gaban ilmi ne. Ga wanda tunaninsa ke ƙafewa, kowane canji sabon nauyi ne, kuma sau da yawa sai ya haɗa tsohuwar ƙa'ida da sabuwa ya ɗauka duka.

Tsakanin tsafta, waswasi da tsananta ƙa'ida

Akwai abubuwa guda uku da jama'a kan cakuɗa. Wanda ke wanke hannu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida mai tsafta ne, kuma annobar ta yi kyau idan ta bar mana wannan. Cutar waswasi wani abu ne daban, mai ƙafa biyu. Ƙafa ta farko tunani ne da ke kutsowa cikin zuciya ba da son mutum ba, yana ta dawowa: hannuna ya gurɓace, zan kai wa mahaifiyata cuta, ban rufe ƙofa ba. Ƙafa ta biyu aiki ne da mutum ke jin dole ya maimaita domin ya sami sauƙin fargabar: wanki, dubawa, ƙirgawa, ko yawan tambayar mutane ko komai lafiya. Likitoci kan kira shi cuta idan yana cinye fiye da awa ɗaya a rana, ko yana jawo ƙunci mai tsanani, ko yana hana karatu da sana'a. Kimanin mutum biyu cikin ɗari ne ke gamuwa da ita a tsawon rayuwarsu, kuma galibi takan fara ne a ƙuruciya ko farkon balaga, wato daidai shekarun ɗaliban sakandare. Mai ita yawanci ya san abin da yake yi ya wuce hankali, shi ya sa yake ɓoyewa.

Na uku shi ne ɗabi'ar tsananta ƙa'ida. Mai wannan hali yana son komai a jere, yana ƙin aikin da bai cika cif ba, ba ya yarda ya ba wani aiki don kada a ɓata, kuma canjin shiri yana tayar masa da hankali. Bambancinsa da mai waswasi shi ne, shi a ganinsa hanyarsa ce daidai, sauran mutane ne masu sakaci. Kaɗan daga wannan hali yana da amfani, kuma ba wanda zai ƙi a sami irinsa ga mai haɗa magani ko akanta. A lokacin kulle irin waɗannan mutane sun kasance cikin masu bin doka sau da ƙafa, har ana yaba musu. Da aka janye dokokin, aka bar kowa da hukuncin kansa, sai ƙasar da suke takawa ta zame.

Kalmar waswasi ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, haka ma matsalar ba sabuwa ba ce ga masana. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi bayani a kan tunanin da ke nace wa zuciya a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai. Ɗalibin da ya karanta Ahalari a makarantar zaure kuma ya san cewa hukuncin mai yawan kokwanto a salla ya bambanta da na wanda kokwanto ya zo masa sau ɗaya: shi mai waswasi ana umartarsa ne da ya yi watsi da kokwanton, kada ya maimaita abin da yake shakka a kai. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu ga yadda ya yi kama da maganin da likitoci suka gano daga baya.

Dalilin da ya sa sabon ba ya mutuwa da kansa

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, muddin mutumin yana gudu, ba zai taɓa sanin cewa tsumma ne ba. A shekarar 1953, Richard Solomon da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun sa karnuka a akwati mai ɗaki biyu da shinge a tsakani. Idan fitila ta mutu, bayan daƙiƙa 10 sai lantarki ya ja ƙafar karen, sai fa in ya tsallake shingen. Karnukan suka koyi tsallakewa kafin lantarkin ya zo. Daga nan aka kashe lantarkin gaba ɗaya, amma suka ci gaba da tsalle har sau ɗaruruwa. (Irin wannan gwaji a yau dokokin kare haƙƙin dabbobi sun tsananta a kansa, kuma da dalili.) Kowane tsalle yana ƙarewa ba tare da azaba ba, don haka kowane tsalle yana zama kamar shaida cewa tsallen ne ya yi ceto.

Haka lamarin yake ga wanda ya wanke hannu sau talatin a yini bai kamu da korona ba. Rashin kamuwar ba ya gaya masa cewa wankin ya yi yawa, sai ma ya ƙara masa imani da shi. Ga kuma sauƙin da yake ji nan take bayan wankin, wanda ke aiki kamar lada. Shigowar haɗari tana zuwa da ƙararrawa: sanarwar gwamnati, adadin mamata a rediyo, shingen 'yan sanda a hanya. Fitarsa ba ta da irin wannan ƙararrawa, domin ba ranar da wani zai iya rantsewa cewa ƙwayar cutar ta ƙare a duniya, kuma har yanzu ba ta ƙare ba. Mai neman tabbaci ɗari bisa ɗari kafin ya saki jiki zai daɗe yana jira.

An gwada wannan a kan mutane ma. A wani bincike da Claire Gillan da abokan aikinta suka buga daga Kambirij a shekarar 2014, an ɗaura wa mutane waya a wuyan hannu mai ba da ɗan jan lantarki, aka koya musu taka feda da ƙafa domin kauce masa idan wata alama ta fito a allon kwamfuta. Bayan sun yi ta maimaitawa, sai aka cire wayar hannu ɗaya a kan idonsu. Masu cutar waswasi sun fi sauran ci gaba da taka fedar wannan hannun, ko da yake sun san an cire wayar. Masana suna bayyana haka da cewa ƙwaƙwalwa tana da tsari biyu na tafiyar da aiki. Ɗaya yana duba manufa, yana tambaya ko aikin nan yana da sauran amfani. Ɗayan na sabo ne, wanda da ya ga alama sai ya saki aiki ba tambaya, kuma yana da alaƙa da wasu curarrun ƙwayoyin jijiya da ke can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa. Dukkanmu muna buƙatar na biyun, in ba haka ba da kullum sai mun sake koyon tuƙa keke. Matsala tana tasowa ne idan ya rinjayi na farko.

Bugu da ƙari, gwaje-gwaje a kan ɓeraye da kuma mutane sun nuna cewa damuwa tana karkatar da ƙwaƙwalwa daga tsarin manufa zuwa tsarin sabo. Damuwa kuwa ba ta yi ƙaranci ba a waɗancan shekaru: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a watan Maris na 2022 cewa fargaba da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar. Watanni na maimaita aiki guda, cikin tsoro, tare da yabon hukuma: da wani zai zauna ya tsara hanyar dasa sabo a zuciyar mutum, da wuya ya fi wannan.

Yadda ake warware ƙullin

A shekarar 1966, Victor Meyer na asibitin Middlesex da ke Landan ya ba da rahoton wata hanya da ya bi da marasa lafiya biyu masu tsananin waswasi. Ya sa su fuskanci abin da suke tsoro, aka kuma hana su aikin da suka saba yi domin samun sauƙi. Wannan hanya, bayan gyare-gyare, ita ce har yau kan gaba a maganin cutar. Ana yin ta ne da yardar mara lafiya, mataki-mataki. Shi da likita za su jera abubuwan da yake tsoro daga ƙarami zuwa babba. Yana iya farawa da taɓa marikin ƙofar ɗakinsa ya zauna minti talatin bai wanke hannu ba. Fargaba za ta tashi, ta yi tsanani, sa'an nan ta sauka da kanta, kuma abin da ake tsoro bai faru ba. A nan ne ƙwaƙwalwa ke samun labarin da gudu ya hana ta samu. Idan wannan mataki ya yi sauƙi sai a hau na gaba, har a kai ga musafaha da shiga kasuwa. A lokacin da annobar ke ganiyarta likitoci sun shiga tsaka mai wuya, domin ba za a ce wa mutum ya daina wanke hannu ba alhali hukuma na cewa a wanke, shi ya sa a shekarar 2020 wasu ƙwararru, ciki har da Fineberg, suka ba da shawarar a sassauta ko a dakatar da wannan sashe na maganin ga masu tsoron gurɓata.

Akwai kuma magunguna, irin su fluoxetine da clomipramine, waɗanda ke aiki a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, kuma likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, ba mai kemis ba.

A makaranta, malami ne ya fi kowa damar gani da wuri. Alamomin da za su sa ya ƙara sa ido sun haɗa da ɗalibin da hannunsa ya bushe ya tsattsage, ko mai yawan neman izinin zuwa famfo, ko mai goge rubutu yana sakewa har takarda ta huje, ko wanda ba ya gama jarrabawa don yana ta duba amsa ɗaya, ko wanda canjin jadawali ko na wurin zama ke rikita shi fiye da kima. Duka da tsawa da dariyar 'yan aji ba sa ƙara komai sai ɓoyewa. Akwai kuma kuskuren da masu tausayi suka fi faɗawa ciki, wato amsa tambaya guda sau ashirin: "Malam, ka tabbata ba zan kamu ba?" Kowace amsa tana aiki ne kamar wankin hannu, ta ba da sauƙi na ɗan lokaci ta kuma ƙarfafa buƙatar sake tambaya. Ya fi kyau a amsa sau ɗaya da gaskiya da taushin murya, a bar shi a haka. Ga ɗalibi mai tsananta ƙa'ida kuwa, sanar da shi canji tun da wuri, da gaya masa dalili, yana rage masa rabin wahalar.

Idan abin ya kai ga cinye lokacin karatu ko hana barci, sai a sanar da iyaye a nemi likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, duk suna karɓar irin waɗannan marasa lafiya, kuma galibinsu ana duba su ne su koma gida a ranar ba tare da an kwantar da su ba.